Wai akwai irin inabin da ba ya buƙatar feshi?

Tambayar da aka turo: "Assalamu alaikum. Ina da 'yar gonar inabi a wajen Hunkuyi, kuɗin magani ya fara fin ƙarfina, da damina kusan duk sati sai na goya famfo. Na ji ana cewa turawa sun fito da sabon iri wanda cuta ba ta kama shi har sun daina feshi. Gaskiya ne? In gaskiya ne ina zan samu, in kuma ba haka ba ne yaya zan rage feshin ba tare da na tafka asara ba?"

Wa alaikumus salam Malam. Labarin da ka ji yana da tushe amma an ƙara masa gishiri a hanya. Irin akwai shi, ana shuka shi a Jamus da Faransa da Italiya da Suwizalan, kuma ya rage feshi ba kaɗan ba, gonar da a da ake shiga da magani sau goma sha biyar ko fiye a shekara yanzu sau biyu ko uku ya ishe ta. Amma fa babu wanda ya ajiye famfo gaba ɗaya ya zauna lafiya, su kansu waɗanda suka samar da irin su ne ke roƙon manoma kada su daina. Kare amfanin gona daga cuta da ƙwari shi ne aikina, don haka ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo, domin in ban faɗa maka asalin abin ba gobe wani zai zo maka da reshe a leda ya ce maka shi ne irin turawan ka biya shi kuɗi masu yawa.

Ba kai kaɗai inabi ke ci wa kuɗin magani ba. A Faransa gonakin inabi ba su wuce kusan kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma ba, amma suna shanye kusan kashi ɗaya cikin biyar na maganin feshin da ake amfani da shi a ƙasar in an auna da nauyi. Kuma mafi yawan wannan maganin, wajen kashi 80 cikin 100, ba don ƙwari ake fesa shi ba, don wasu cututtukan fumfuna guda biyu ne kacal. Ɗaya ita ce wadda ke bin ganye da 'ya'ya kamar an barbaɗa musu toka, Faransawa suna ce mata oyidiyom. Ɗayar kuma ita ce mai fara yin tabo rawaya a saman ganye kamar ɗigon mai ya zuba a takarda, ita ce mildiyu. Gwamnatin Faransa ta ɗauki alkawari a 2008 cewa za ta rage feshi da rabi kafin 2018, lokacin ya zo ba a yi ba aka ɗaga zuwa 2025, aka sake ɗagawa zuwa 2030. Ka ga kenan ba abu ba ne da ake yi da doka ko da fatar baki.

Abin da ya sa kurangar inabi ta zama raguwa haka tarihi ne. Inabin da duniya ta sani, wanda ake ci ake yin zabibi da shi, asalinsa yankin Kokeshiya ne da Gabas ta Tsakiya, ya yi dubban shekaru bai taɓa haɗuwa da waɗannan cututtukan ba domin su a Amurka suke, a jikin inabin daji na can wanda ya saba da su tun fil azal. Sai masu sha'awar tsirrai suka riƙa ɗebo kuranga daga Amurka a jirgin ruwa suna kaiwa Turai. A 1845 aka fara ganin mai tokar a Ingila, cikin 'yan shekaru ta mamaye Faransa, aka gano farar wuta na maganinta. Wajen 1863 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsotsar saiwa, filoksera, ya bayyana a kudancin Faransa, sai a 1868 wani masanin tsirrai mai suna Planchon ya gane shi ne ke kashe gonaki, kuma ya kusa ƙarar da inabin ƙasar. An gwada guba a ƙasa, an gwada cika gona da ruwa, abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne aure irin wanda ake yi wa mangwaro: gindi na inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, sama kuma na Turai. Har yau kusan duk kurangar da ke Turai 'yar aure ce, kuma wannan ita ce babbar nasarar da aka taɓa samu ta kawar da ƙwaron inabi ba da feshi ba. To amma an gudu ba a tsira ba, domin a daidai lokacin da ake ta shigo da gindin Amurka ɗin ne mildiyu ta ɓulla a Faransa a 1878.

Maganinta kuma a bakin hanya aka tsince shi. Wani malamin ilimin tsirrai na jami'ar Bordo mai suna Millardet yana wucewa ta yankin Médoc a 1882 ya lura layukan da ke bakin titi ganyensu na nan kore shar, na cikin gona kuwa sun zube. Ashe masu gonar ne ke yayyafa wa na bakin hanyan wani shuɗin haɗi na sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa don masu wucewa su ji tsoron tsinka. A 1885 ya fitar da bayanin haɗin, shi ne haɗin Bordo da har gobe ake amfani da shi. Matsalarsa ita ce jan ƙarfe ba ya ruɓewa, duk wanda aka fesa yana gangarawa ƙasa ya taru shekara bayan shekara har ya dami tana da sauran halittun da ke gyara ƙasa, shi ya sa tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai, wato kilo 4 a shekara. Na kawo wannan ne saboda mutane da yawa in sun ji an ce gonar oganik sai su ɗauka ba a feshi. Ana yi, wani lokacin ma sun fi kowa yawan shiga gona, domin jan ƙarfe da farar wuta a bayan ganye suke zama, ruwan sama na wajen milimita 20 ya wanke su sai a sake. Ga kuma lafiyar mutane, a 2012 Faransa ta amince cutar karkarwar jiki ta Fakinsin tana cikin cututtukan da aikin feshi ke jawo wa manomi, a 2014 kuma 'yan firamare sama da ashirin da malamarsu suka kamu da ciwon kai da jiri a wani ƙauye a yankin Bordo bayan an yi feshi a gonakin da ke jikin makarantar. Irin wannan ne ya tilasta musu komawa wajen masu gyaran iri.

Na ce komawa domin ba sabon tunani ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mutane irin su Seibel da Couderc da Baco suka riƙa yi wa inabin Turai barbara da na Amurka, 'ya'yan suka fito da ƙarfi, ba sa neman feshi sosai, talakawan manoma suka rungume su har ya kai a 1958 sun kusa hekta 400,000 a Faransa, kusan kashi uku cikin goma na gonakin inabin ƙasar. Amma ɗanɗanonsu bai yi wa manyan kasuwa ba, kuma akwai siyasar rage yawan kaya a ciki, a 1934 aka haramta guda shida, Noah da Othello da Isabelle da Jacquez da Clinton da Herbemont, daga baya aka riƙa biyan manoma su tuge sauran. A ganina wannan na cikin manyan kurakuran da aka yi a harkar, domin da an ci gaba da gyara su a lokacin da an rage wa ƙasa tan-tan na jan ƙarfe.

Ga yadda aikin yake in ka tsaya kusa da mai yinsa. Furen inabi ɗan ƙarami ne, yana da wata 'yar hula kore a kansa, kuma shi ke yi wa kansa barbara. Kafin hular ta faɗi da kanta sai mutum ya zauna da ɗan hantsaki yana cire ta tare da sassan namijin fure ɗaya bayan ɗaya, nono guda yana iya cin sa lokaci mai tsawo, sannan ya rufe da jakar takarda, bayan kwana biyu ko uku ya dawo da burushi ya shafa garin furen uban da ya zaɓa ya sake rufewa. 'Ya'yan da suka nuna a cire ƙwallayensu a shuka dubbai, kowanne daban yake da ɗan'uwansa. Sai a yanko ganyensu zagaye-zagaye kamar kwabo a jera a faranti mai danshi a ɗiga musu ruwan da ke ɗauke da cutar, bayan kamar sati a duba, wanda bayansa ya yi fari fat an yar da shi, wanda ya yi ɗan baƙin ɗigo kawai shi ne ya kashe wurin da cutar ta shiga don kada ta yaɗu, shi ake ajiyewa. Amma wannan ɗan na farko rabinsa ɗan daji ne, 'ya'yansa ƙanana masu tsami, dole a sake mayar da shi kan iri mai daɗi, kason dajin ya koma kashi 25, a sake ya koma 12 da rabi, a sake, a sake, kowane zagaye kuma sai an jira kuranga ta girma ta yi fure. Shi ya sa irin da ake kira Regent, wanda wani mai gyaran iri Alleweldt ya haɗa a cibiyar Geilweilerhof ta Jamus a 1967, sai a 1996 aka ba manoma izinin shuka shi. Shekara 29 kenan a kan iri ɗaya.

A Faransa Alain Bouquet ne ya ɗauki hanya mafi wuya tun 1974, ya ɗauko wani inabin daji na kudu maso gabashin Amurka, Muscadinia, wanda cututtukan biyu kusan ba sa yi masa komai, amma shi sandunan gadonsa 40 ne na Turai kuma 38, don haka yawancin 'ya'yan da aka samu juya ne ba sa haihuwa, da ƙyar ake samun wanda za a ci gaba da shi. Daga aikinsa ne aka samo ƙwayoyin gado biyu masu ƙarfi, Run1 na mai toka da Rpv1 na mildiyu. Bayan an karanta taswirar gadon inabi gaba ɗaya a 2007 aiki ya yi sauri, yanzu tsiro yana da ganye biyu uku za a yanki ɗan guntu a gwada a ɗakin bincike a san ko ya gaji abin da ake so, ba sai an jira shekaru ba, lokacin ya ragu zuwa wajen shekara 15. Jami'ar Udine ta Italiya ta fitar da iri goma a 2015, cibiyar binciken noma ta Faransa a Colmar kuma ta fitar da huɗu a 2018, Artaban da Vidoc da Floreal da Voltis. Kuma don kada a rikita ka, waɗannan ba GMO ba ne, wato ba a ɗakin bincike aka dasa musu ƙwayar gado ba, barbara ce ta fure da fure, gwajin ɗakin binciken zaɓe kawai yake taimakawa. Masu gyara ƙwayar gado kai tsaye suna nasu aikin daban, a 2024 aka dasa gwajin farko a fili kusa da Verona a Italiya, bayan 'yan watanni wasu suka shiga da dare suka tuge shi.

To ga inda gizo ke saƙar. Fumfuna ba ta zaune wuri ɗaya, ganye guda mai cuta yana fitar da ƙwayoyinta ba adadi kuma a cikinsu ba a rasa wanda ya ɗan bambanta. In ka shuka gona guda da irin da ke da ƙwayar kariya ɗaya tak sannan ka daina feshi, ka share wa wannan bambantaccen fili ne, shi kaɗai zai rayu ya hayayyafa. Ba hasashe ba ne, a 2010 aka wallafa cewa an samu mildiyu a ƙasar Cek da ke cin Bianca, irin da ke dogara da ƙwayar kariyar da ake kira Rpv3, daga baya aka ga irin haka a kan Regent a wurare daban-daban, shi ma Run1 ɗin an samu wani nau'in mai toka a mahaifarsa Amurka da ke tsallake shi. Shi ya sa huɗun nan na 2018 aka sa wa kowanne kariya biyu-biyu, Rpv1 da Rpv3 a gefe ɗaya, Run1 da Ren3 a ɗaya gefen, kamar ƙofar shago ce mai kwaɗo biyu, ɓarawon da ya zo da makullin ɗaya bai shiga ba. Ana kuma ƙara wasu daga inabin daji na yankin Amur a gabashin Asiya, Rpv10 da Rpv12. Feshin nan biyu ko uku da ake cewa a yi a daidai lokacin fure, aikinsa kenan, ya kashe ɗan tsirarun da suka fara koyon tsallakewa kafin su yi yawa. Ƙwayoyin kariyar nan ba su da yawa a duniya, kuranga kuma tana shekara talatin ko fi a gona, in aka lalata ɗaya an lalata wa kowa. Sannan akwai wani abin da manoman Turai suka gani da idonsu, da suka rage feshi sai wasu cututtukan da a da maganin ke kashewa a kyauta suka ɗago kai, musamman baƙin ruɓa mai busar da 'ya'ya su ƙanƙance su yi baƙi. Kai ma ka san irin wannan a wake, SAMPEA 20-T da cibiyar IAR ta Samaru ta fitar a 2019, duk da shi ta wata hanyar aka samar da shi, ya tare tsutsar maruka mai huda kwanson wake ya mayar da feshi daga shida ko takwas zuwa biyu, amma biyun nan dole ne saboda sauran ƙwarin.

Yanzu maganar ina za ka samu. Gaskiya kusan duk sunayen da na lissafa maka na masu yin giya ne, 'ya'yansu ƙanana ne cike da ƙwallo, an zaɓe su ne don a matse kuma don sanyin Turai, ba abin da za ka kai kasuwa a faranti ba ne, mu ilimin ne ya shafe mu. Ko a can ma tafiyar a hankali take, a Jamus da suka fi kowa daɗewa a kai, a 2023 ba su wuce wajen kashi 3 cikin 100 na gonakin inabi ba, domin mai saye sunan da ya sani yake nema, yankin Shampen na Faransa ma da ya yarda da Voltis gwaji ne na shekara goma kuma kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na gonar mutum. Inda ya kamata ka sa ido shi ne Barazil. Hukumar binciken nomansu Embrapa ta fitar da BRS Vitória a 2012, baƙin inabi na ci marar ƙwallo mai jure mildiyu, da BRS Isis a 2013, kuma ana noma su sosai a kwarin kogin São Francisco wajen Petrolina, wuri mai zafi da ake noman ban ruwa, nisansa da tsakiyar duniya kusan ɗaya da na Zariya. Sai dai ruwan samanku ya kusa ninka nasu, don haka juriyar da ta isa a can ba lallai ta isa a watan Agusta a Kudan ba, ga kuma cututtukan damina irin su tsatsar ganye da mai huda ganye da reshe tana barin tabo kamar idon tsuntsu, waɗanda Rpv da Run ba ruwansu da su. Inabi marar ƙwallo ma ya fi wuyar gyarawa domin ɗan tayin da ke cikinsa mutuwa yake yi tun yana ƙarami, sai an ciro shi an rene shi a kwalba.

Kuma don Allah kada ka sa wani ya ɗauro maka reshe a jaka daga waje. Duk bala'in nan uku da na ba ka labari a jikin tsiron da aka ɗauko da kyakkyawar niyya suka tsallaka teku, ga kuma bairos mai naɗe ganye wanda ba a ganinsa a reshe kuma ba shi da magani. A bi ta hukumar NAQS mai ba da izinin shigo da tsirrai, a ƙungiyance ya fi sauƙi, kuma a san yawancin sababbin irin suna da masu haƙƙin mallaka.

Abin da ke hannunka yau shi ne sarrafa gonar, kuma a nan ne mafi yawan ragin zai fito. Mildiyu ba ta iya shiga ganye sai da ruwa a kansa, ƙwayarta iyo take yi ta shiga ta ƙofofin numfashi na bayan ganye. Mai toka kuwa ba ta son ruwa ya jiƙa ta, inuwa take so da ɗumi tsakanin digiri 21 zuwa 30, zafin rana mai tsanani yana kashe ta. Wato ɗaya ta damina ce ɗaya ta bayan damina, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, na sha ganin manomi yana zuba kuɗi a kan maganin mildiyu alhali toka ce ke cin sa. In ka ga tabon mai kana shakka, tsinki ganyen da yamma ka sa a leda da ɗan tsumma mai danshi ka ɗaure ka ajiye a ɗaki mai duhu, da safe ka juya bayansa, in ka ga farin gashi-gashi daidai ƙarƙashin tabon to ita ce, in babu ka nemi wani dalilin. Manoman Nashik a Indiya, waɗanda daminarsu ta Yuni zuwa Satumba ce kamar tamu, sau biyu suke datse kuranga, a Afrilu su datse ta har gindin reshe don ta yi sababbin rassa, a Oktoba su yi datsar 'ya'ya, ta yadda fure da nuna duk za su faɗo cikin rani. Wannan dabarar kaɗai ta fi kowace kwalba. Da damina aikinka ka tsare ganye ya rayu, ba ka nemi 'ya'ya ba. Sannan ka buɗe rumfar, rage rassan da suka cunkushe, cire ganyen da ya lulluɓe nono ta gefen da hantsi ke bugawa, ɗage duk abin da ke taɓa ƙasa, kwashe ganyen da ya zube ka binne ko ka ƙona domin a cikinsa cutar ke kwana, ban ruwa a gindi ba a sama ba, kuma ka rage yuriya, ganyen da ya sha taki ya yi laushi shi cuta ta fi so. A kudancin Sin inda ruwa ke da yawa rufin leda suke yi a saman layi, a Japan kuma kowane nono jakar takarda ake sa masa, mai 'yar gona kamar taka zai iya gwada na biyun a layi ɗaya ya ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Sai daina feshi da kalanda. A Italiya tun shekarun 1940 suke da ƙa'idar goma uku, ba a tsammanin kamun farko na mildiyu sai sabon reshe ya kai santimita 10, ɗumi ya kai digiri 10, an kuma yi ruwan milimita 10 cikin kwana ɗaya ko biyu. A wajenmu ɗumin kullum akwai shi, saura ruwa da sabon ganye, don haka ɗan ma'aunin ruwan sama da littafin rubutu a bakin gona suna da amfani ƙwarai. A Kalifoniya ma'aunin Gubler da Thomas suke bi don mai toka, suna ƙirga kwanakin da aka samu awa shida a jere cikin ɗumin nan da take so, in maki ya hau a matso da feshi in ya sauka a tazarce shi. Kuma bincike ya nuna 'ya'yan inabi sun fi rauni daga gab da fure zuwa sati uku ko huɗu bayansa, daga nan suna yin tauri da kansu. A wannan tsakanin ne ba a wasa, nan za ka sa maganinka mafi kyau a kan lokaci, kafin ruwa ba bayansa ba. A sauran lokutan da ba wannan ba ne ake samun ragi.

Yadda ake fesawar ma abin dubawa ne. Bakin famfon da ya cinye yana zubar da magani ƙasa ne kawai, kuma yawancin masu feshi saman ganye suke wankewa alhali cutar ta baya take shiga, juya bakin ya kalli sama. Magungunan da ke shiga jikin tsiro irin su metalaksil kada a jera su sau da yawa a kaka ɗaya, fumfunar tana sabawa da su kamar yadda take sabawa da iri, a riƙa musanyawa da masu zama a bayan ganye, kuma canza sunan kamfani ba canza magani ba ne, sinadarin da ke rubuce a jikin kwalin za ka karanta tare da lambar NAFDAC. Mankozeb da ya cika kasuwanninmu Turai ta hana shi a 2021 saboda lafiyar masu aiki da shi, don haka safar hannu da takunkumi da doguwar riga ba ƙawa ba ne. Farar wuta tana da araha kuma har yau mai toka ba ta saba da ita ba, amma in zafi ya haura digiri 32 tana ƙona ganye da 'ya'ya, da sassafe ko da yamma ake sa ta.

Ƙwari kuwa nasu labarin daban ne, sabon iri bai taɓa su ba. Babban mai ɓarna a Turai wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai tashi da magariba wanda tsutsarsa ke huda 'ya'ya ruɓa ta biyo baya. Abin da suke yi shi ne su rataya 'yan robobi wajen 500 a hekta masu fitar da ƙamshin macen, gona ta cika da ƙamshin namiji ya rasa inda take, ba barbara ba ƙwai ba tsutsa. Da wannan, haɗe da feshi na ɗan lokaci da sa ido, aka kawar da shi daga Kalifoniya tsakanin 2009 da aka gan shi a Napa da 2016. Amma ba ya aiki a 'yar gona ɗaya, sai fili ya kai hekta biyar zuwa goma a haɗe, in ba haka ba macen da ta riga ta yi barbara a gonar maƙwabci za ta shigo ta zuba ƙwai, shi ya sa ƙauye guda ke haɗa kai su rataya rana ɗaya. Darasin da ya fi shafar ka shi ne na jan gizo-gizon nan ƙanana masu sa ganye ya yi kalar tagulla, a Suwizalan da Jamus sun gano feshin ƙwari mai kashe komai ne ya haifar da matsalarsu domin yana kashe wasu 'yan'uwansu da ke cinye su, da aka daina aka mayar da masu cin nasu gona matsalar ta kusa ɓacewa. Haka ƙwaron nan mai farin gari kamar auduga da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo da cikin nono, tururuwa ce ke gadinsa saboda zaƙin da yake fitarwa tana korar ƙananan zanzaron da ke kashe shi, ka ɓare tsohon ɓawon gindi ka shafa abu mai danƙo a kan ɗaurin leda a gindin da sandunan rumfa don tururuwa ta kasa hawa, ka rage rabin aikin. Akwai ma wata gona a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu da garken agwagi ke shiga kullum suna tsince dodon koɗi.

Sai ka kula da kwanakin da aka rubuta a kwali tsakanin feshin ƙarshe da tsinka, domin inabi da ɓawonsa ake ci kuma yara ma suna cin sa. Indiya ta ɗanɗana kuɗarta a 2010 lokacin da Turai ta tare kwantenonin inabinta saboda burbushin wani sinadari mai suna kulomekwat, manoma suka yi asara mai yawa, kuma su suna da tsarin gwaji kafin fitarwa, mu kuwa a nan ba mai gwada na bakin titi sai tsoron Allah na mai gonar. In Allah ya sa kun samu sabon iri ta hanyar da ta dace, kada ka tuge tsohuwar gonarka, dasa layi ɗaya ko biyu a gefe, ka tambayi mai ba ka sunan irin na gaskiya da cutar da aka ce yana jurewa da kuma a kan wane gindi aka aura shi, ka bar 'yan kurangu kaɗan a ƙarshen layi ba feshi don ka ga abin da zai kama su, sauran ka yi musu na lokacin fure, ka rubuta ranar da tabo ya fara fitowa a kowanne har damina uku kafin ka ƙara ko layi ɗaya.